Takarda Biyu a Ambulan Ɗaya

Barikin Gurkha, Brunei
10 ga Yuli, 1983

Zuwa ga Kakata Jasmati,

Na durƙusa na taɓa ƙafafunki daga nesa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba, da albarkar Uwa Durga, abar bautarmu. Mu ma nan lafiya lau.

Yau kwanana goma sha biyu da sauka. An ba mu gida mai ɗaki biyu a layin ƙananan sojoji, can ƙarshe kusa da shingen waya. Ruwa a cikin gida yake, sai dai ki murɗa. Kwana ukun farko nakan tashi ina neman tulu, sai in tuna. Zafin nan kuwa jiƙa mutum yake yi, gishiri ma narkewa yake a kwalba. Birai sun sace mini ayaba sau biyu ta taga.

A nan da ƙarshen lambarsu ake kiran maza. Nawa Arba'in da Bakwai ne, ni kuma matar Arba'in da Bakwai. Abin ya zo mini da sauƙi, tunda dama ba zan faɗi sunansa ba.

Mai iko da mu mata ita ce Yaya Indramaya, matar Manjo. Duk ranar Juma'a tana zagaya gidaje. Da ta shigo nawa ta shafa yatsa a saman firji, ta ɗaga wa sauran matan, ta ce, "Ƙanwata, a dutsenku ƙura ado ce?" Suka yi dariya, ni ma na yi. A motar kasuwa matan masu igiya uku ne a gaba, mu muna baya wajen kwandunan kifi.

Ba ƙorafi nake yi ba. Kin fi ni sanin cewa shekara uku kacal ake ba matar ƙaramin soja ta zauna da mijinta. Shekara huɗu da aurenmu, sai yanzu na san yadda yake son shayinsa. Ina so in yi ukun nan cif, kada ko kwana ɗaya ya zube.

Yaya tarin Baba? Wa yake yanko wa ɓauna ciyawa yanzu? Ki faɗa mini abin da kike so in aiko miki.

Jikarki mai biyayya,
Nandasari

*

Ƙauyen Siran, Lamjung
Damina, ban san kwanan wata ba

Zuwa ga Auta, mai ruwa a bango,

Na sa miki albarka, rabi yanzu, rabi in laimata ta iso. Irin mai maɓalli nake so, wadda ake dannawa ta buɗe da kanta ta firgita kare. Baƙa. Kada ki aiko mai furanni, ni ba budurwa ba ce, ko da yake mai kawo wasiƙa yana da wani ra'ayin.

In rubutun ya yi miki kama da sawun kaza a toka, ki yi haƙuri. Wata uku na yi a ajin matan bariki a Malaya, biyu daga ciki hira na yi.

To, ashe an shafa miki yatsa. Sannu da shiga bariki. Mu a zamaninmu matar Manjo da farin hankici take zuwa, har ƙarƙashin tukunya take gogawa. Kin yi daidai da kika yi dariya, amma gobe ki riga su. Ki tare ta a ƙofa ki ce, "Yaya, ke nake jira ki koya mini shara, kakata jahila ce." Zage ni son ranki, daga nan ba na ji. Babba yana son a roƙe shi abin da ba zai rage masa komai ba.

Bari in ba ki labari. Lokacin da kakanki yana kofur, aka ba mu gida nesa da famfo, aka ba wata 'yar gabas mai dogon wuya na kusa da famfo. Kullum ina wucewa da bokiti tana zaune tana taje kai. Rannan na tsaya na tambaye ta ko matar da ta rataye kanta a ɗakin girkin tana damunta. Ta ce wace mata? Na ce au, ashe ba a gaya miki ba, to manta kawai. Ban ƙara ko kalma ba. Cikin mako biyu ita ta zo tana roƙona mu yi musanya, har da kyautar kaza. Babu wadda ta taɓa rataye kanta a gidan, sai albasa. Ki riƙe wannan: a bariki ba mai gaskiya ake saurara ba, wanda ya iya labari ake saurara.

Ubanki yana nan yana tari kamar tsohuwar tunkiya. Shi yake yanko ciyawa, ni ina ɗebo ruwa, ɓauna tana kallonmu tana mamakin wa zai riga faɗuwa. Tun da kika tafi babu mai cire mini furfura, kaina ya zama kamar ƙololuwar dutse.

Ki gaishe da Arba'in da Bakwai. Ki ce masa ni na san shi tun yana Hastaman mai majina, kafin a lissafa shi.

Kakarki da ta goye ki tun uwarki ta bar ki,
Jasmati

*

Brunei
4 ga Satumba

Kakata,

Gaisuwa da ban girma. Dabararki ta ci. Na roƙi Yaya Indramaya ta koya mini shara, ta yi awa guda tana nuna mini, yanzu "ƙanwata ta dutse" take ce mini ba da gatse ba. Makon jiya ta ce in dawo kujera ta uku a motar kasuwa. Tulasi, matar Sittin da Biyu, wadda surukarta take ƙauyen da ke ƙasan namu, ba ta yi mini magana ba har muka dawo.

Ga babban labari. Bikin Dasain ya matso, kuma bana Arba'in da Bakwai aka zaɓa ya sare kan ɓaunar hadayar bataliya. Kullum da yamma yana bayan gida da babbar adda yana saran kututturen ayaba. Kin san ƙa'ida: sara ɗaya kai ya faɗi, a naɗa masa farin rawani a gaban kowa, shekara ta yi albarka. Ana cewa igiyarsa ta biyu ma tana biye.

Ni kuma Yaya ta sa ni cikin mata huɗu da za su soya wainar hadaya mai siffar zobe, kuma ni zan kitsa furannin da za a rataya wa ɓaunar a wuya. Pandit, malamin addininmu, ya tara mu ya tambaya ko akwai mai dauɗar haihuwa ko ta mutuwa a gidansu bana, don irin wannan hannu ba ya taɓa kayan Uwa. Muka ce babu.

Na shuka sha'irina a ƙaramin faranti don gwaji, na ɓoye a kabad don duhu. Ya fito rawaya kamar na gida. Da a ce kina kusa ki sa mini tika, jan ɗigon albarka, a goshi.

Na ga laimar a kantin wani Basine. Ki gaya wa Baba ya daina shan taba da safe.

Taki,
Nandasari

*

Siran

Auta, mai kujera ta uku,

Albarka ta bi ki. A wannan tafiya kafin shekara ke za ki tuƙa motar.

Na ji an ba mijinki adda. Ki riƙa ba shi man shanu da ƙwai, kuma ki matsa can gefen gado har bikin ya wuce. Kakanki ya taɓa sarawa a Malaya, kan ɓaunar ya yi tsalle ya faɗi gaban wani Bature, Baturen ya zubar da shayi a wando. Ni na san abin da na hana kakanki kwana tara kafin ya samu wannan ƙarfin.

Furanni kuma ki kitsa da zare biyu, ɓauna ba amarya ba ce, fizga take yi. Waina kada ki cika ruwa, ki zuba da hannu ba da cokali ba, zoben ya haɗe. In ta Tulasi ta fi taki kyau, ki ce kin ga gashi a ciki.

Ubanki lafiyarsa ƙalau. Tarin ya yi sauƙi, jiya ma ya ci tuwon gero faranti biyu ya yi faɗa da maƙwabci a kan iyakar gona. Ya ce ki ci naman biki har da rabonsa, ki sa jan zanenki, ki yi rawa. Kada ki sa tunanin gida a ranki.

Gidan cike yake da baƙi kwanan nan, shi ya sa na gajarta.

Kakarki,
Jasmati

*

Brunei
20 ga Oktoba

Kaka,

Ina gaishe ki, don haka aka koya mini.

Addar ta maƙale a ƙashin wuya. Ɓaunar ta durƙusa tana kuka da furannina a jikinta, sai da Arba'in da Bakwai ya sara sau uku. Abokansa suka ɗebi jinin suka shafe masa fuska kamar yadda ake yi, bataliya duka tana kallo. Aka naɗe farin rawanin aka mayar akwati.

Jiya muna layin karɓar shinkafa, Tulasi ta juyo da wasiƙa a hannu ta ce, "Sannu da rashi, matar Arba'in da Bakwai. Ko ba a yi wa mai rawa ta'aziyya?"

Na ce rashin wa?

Ta ce, "Ji ta. Wata guda da ƙona gawar ubanki a bakin kogi, surukata ma ta je. Ashe bakin maraya yana cin nama haka."

Haka na ji mutuwar Baba, Kaka, da buhu a hannuna. Na zauna a ƙasa. Wata daga baya ta ce, "Ta iya wasan kwaikwayo kuwa." Wata ta ce, "Shi ya sa adda ta ƙi."

Yaya Indramaya ta kai ni gaban Pandit. Ya ce dauɗar mutuwa ba ta hawa kan mutum sai labari ya shiga kunnensa. In ban ji ba, hannuna tsarkakakke ne, addar kuma ƙaddara ce. In na ji na ɓoye don kada a cire ni daga cikin huɗun, to ni na ɓata hadayar mutum ɗari bakwai. Na kawo wasiƙarki na nuna inda kika ce ya ci faranti biyu. Tulasi ta ce babu kwanan wata a jiki, wa ya san ko ta bara ce. Ambulan ɗin mai hatimin kwanan wata kuma na riga na kunna risho da shi.

Yanzu babu mai karɓar ko ruwa daga hannuna. An janye igiyar shanya da muke haɗawa da maƙwabciyata. Maigidana kuma a ɗakin cin sojoji yake cin abinci. Magana ɗaya ya yi mini: "In ta tabbata kin sani, jirgin farko."

Na cire jan zane, na daina cin gishiri, na fara kwana goma sha ukun makokin Baba ni kaɗai a kan tabarma. Ban tambaye ki dalili ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuta wa Yaya Indramaya da hannunki cewa ke kika ɓoye mini. Ta ce maganar tsohuwar matar soja za ta karɓa, a kanta za a yanke. Layi uku sun isa. Wata huɗu kawai na ci daga cikin shekara ukuna.

Nandasari

*

Siran

Autata,

Albarka, ko ba ki so.

E, na ɓoye. Ranar da na rubuta miki faranti biyu, kwanansa uku da zama toka. Na ce yarinya ta samu kujera, mijinta ya samu adda, me gawa za ta ƙara musu? Wanda ya mutu ba ya sauri, zai jira a gama biki. Haka aka yi wa kakanki da uwarsa ta mutu, sai da ya dawo hutu ya tarar da ciyawa ta rufe wurin. Ban san surukar Tulasi ta iya riƙe alƙalami ba, da na aika mata kaza.

Mijinki kuma hannunsa ne ya yi rawa. Tun yana yaro in ya jefi mangwaro tsuntsu yake samu.

Baƙi sun watse. Sun cinye shinkafar, sun bar mini tukwane. Ni nake yanko ciyawa yanzu, ni nake ɗebo ruwa. Shekaranjiya na zame da tulu a gangaren rafi, na kwanta a nan ina kallon sama kamar kunkurun da aka kifar, har rana ta juya kafin wani makiyayi ya ɗaga ni. Na yi ta dariya ni kaɗai. Da kin gani da kin yi.

Gadonki yana nan yadda kika bar shi. Kyanwa ta haihu a kai.

Kin ce a kan maganata za a yanke. Ban taɓa zaton tsohuwa mai haƙori huɗu za ta yi hukunci a barikin da ke bayan teku ba. Na daɗe zaune da wasiƙarki a cinya ina karanta wannan layin. Kwantar da hankalinki, yau zan rubuta mata.

Kakarki,
Jasmati

*

Ƙauyen Siran, Lamjung
6 ga Nuwamba, na tambayi malamin makaranta

Zuwa ga mai girma Indramaya, matar Manjo, uwar matan bariki,

Gaisuwa mai yawa daga tsohuwar da ta ci gishirin bariki tun kina cikin zanen goyo. Uwa Durga ta ƙara wa maigidanki girma, ta tsare bataliya.

An ce kina son gaskiya daga bakina. Tsohuwar da ƙafarta ɗaya ke bakin kogi ba ta da ribar ƙarya, sai dai ina rubutun nan kunya tana cina, don ni na goyi yarinyar.

Ɗana ya rasu ranar Alhamis, na rubuta ranar Lahadi. Takarda biyu na sa a ambulan ɗaya, ta dariya da ta kuka. Ta kukan ita ce ta gaskiya: ubanki ya tafi, ki cire ja, ki bar gishiri, kada ki taɓa kayan Uwa. Ta dariyar kuwa ita ta roƙe ni tun kafin ta tafi. Ta ce, "Kaka, Baba ba zai kai baɗi ba. In abin ya faɗo a kan biki, ki haɗo mini da wadda zan nuna wa mutane." Na biye mata, laifina ke nan. Ki tambaye ta ina ambulan ɗin. Na san za ta ce ya ƙone.

Kada ki tsananta mata. Yarinya ce, ta ga fanka da firji, ta ga kujerar gaba. Tun tana ƙarama in ta fasa kwano sai ta ce kyanwa ce. Bariki ya yi mata girma. Mijinta kuma yaron kirki ne, hannunsa bai taɓa kuskure ba, kada laifin wani ya ci masa igiya.

Shawarar tsohuwa ita ce a maido ta gida ta yi makokin ubanta inda ya mutu. Ni zan karɓe ta, zan kuma gyara abin da na ɓata.

Mai yi miki addu'a,
Jasmati Gurung, matar marigayi Kofur Goma Sha Tara

*

Brunei
28 ga Nuwamba

Zuwa ga Jasmati Gurung,

Yaya Indramaya ta tara mata a ɗakin taro ta karanta wasiƙarki da ƙarfi. Da ta zo wajen ambulan ta ɗago ta dube ni, sai Tulasi ta ce, "Ya ƙone." Har waɗanda suke tausayina suka yi dariya. Kin iya labari. Ni kaina da nake saurare na kusa tuna takarda ta biyun.

Jirgina ranar Talata. An ce za a duba maganar igiyar maigidana baɗi, tunda an gano ba hannunsa ba ne. Jiya ya dawo cin abinci a gida, shi ya dafa.

Abu ɗaya kika manta. Matar da aka kora daga bariki gidan mijinta ake kai ta. Ƙaninsa zai tare ni a Pokhara, mu wuce ƙauyensu, tafiyar kwana uku daga Siran. Uwarsa tana da ɓauna biyar, ta aiko cewa dama tana neman hannu. Maigidana ya rantsar da ni ba zan taka gidan da aka koya mini wannan hali ba. Bai sha wahalar rantsar da ni ba.

Na gama kwana goma sha ukun Baba. Da aka karanta wasiƙarki na koma kan tabarma na fara wasu goma sha ukun, naki. A jirgi zan ƙarasa su.

Kin san a wajenmu ba a sallamar mamaci hannu wofi, ana haɗa shi da abin da ya fi so don hanya. Laimar tana cikin ƙunshin nan. Baƙa ce, mai maɓalli.

Nandasari, matar Arba'in da Bakwai

*

Siran

Auta,

Gawa tana gaishe ki, ta kuma sa miki ragowar rabin albarkar, tunda alkawari ne.

Laima ta iso. Na danna, ta buɗe, kyanwa ta gudu. Tana da kyau. Rufin ɗakin yana yoyo ta wajen gadonki, a nan na kafa ta don kada katifar ta jiƙe.

Na ba da ɓaunar, matattu ba sa yankan ciyawa. Mai kawo wasiƙa ya ce ƙauyen surukarki ba ya kan hanyarsa, amma zai ba wani mai fataucin gishiri wasiƙar nan ya kai. In kin karɓa, ko ba ki karanta ba, ki ce masa kin karɓa.

Kakarki,
Jasmati